Gidan da Hancina Ya Zaɓa

Ni na sa 'yata da mijinta suka sayi gidan da bai kamata su saya ba. Na faɗa tun daga sama don kada wani ya karanta har ƙasa yana neman wanda zai zaga. Ga ni nan, ku zage ni ku huta.

Ni mai fenti ne, shekara talatin da ɗaya ina kan tsani. Boko aji huɗu na yi na gudu, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, layin bangona dai ba ya karkacewa. Abin da na sani a duniya shi ne gida. In na shiga ɗaki na ɗora tafin hannuna a bango, zan gaya maka ko yana shan ruwa, ko an cusa wa tsaga siminti an shafe da fenti don a rufe idon mai saye. Na sani ne don ni ma an sha sa ni na rufe. To mutumin da ya shekara talatin yana rufe asirin gidaje, da wuya ya yarda da ɗan Adam. Cutata ke nan.

Babbar 'yata, 'Yar Baba nake ce mata tun tana goye. Mijinta malamin makaranta ne, kowa Ticha yake kiransa. Siriri, mai gilashi, takalmi kullum a goge, magana a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a baki. Tun ranar da ya fara sallama a ƙofata ban natsu da shi ba. Mutumin da ba ya ɗaga murya, ina yake kai fushinsa? Amma yarinya ta ce shi take so, na ba shi. Shekara biyar suka yi a ɗaki biyu na haya, suka samu jikata Gimbiya. Gimbiya tana da asma tun ba ta fara tafiya ba. In abin ya motsa, ƙirjinta kuka yake kamar tsohuwar ƙofa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Allah ya hore musu abin sayen gida, sai gidaje biyu suka fito. Ɗaya layi uku ne daga gidana, in na tsaya a ƙofa na ƙwala kira za ta amsa. Ɗayan kuma can kan tudu a ƙarshen gari, sai ka hau mota biyu sannan ka taka. Na kusa ɗaki uku ne da falo. Na tudu ɗaki biyu ne, sai manyan tagogi da bishiya ɗaya a tsakar gida. Ni ban ga abin shawara a nan ba. Wa zai bar uku ya ɗauki biyu, ya bar iyaye ya tafi zama da iska?

Dillalin gidan kusa abokin shan shayina ne, Zuma muke ce masa saboda bakinsa. Da hantsi ya kai mu, ni da Uwargida da 'Yar Baba da Ticha. Ya buɗe ƙofa yana cewa, “Oga mai fenti, ni ba zan ce komai ba. Taɓa da kanka.”

Na taɓa. Bangon tsoho ne, fentinsa ya koɗe, babu wanda ya shafa masa sabo. Abin da ya saye ni ke nan. Gidan da ba a yi wa kwalliya ba, ba shi da abin ɓoyewa. Na ƙwanƙwasa, na duba silin, na kankare gindin bango da mukulli. A bushe, garau.

Ticha yana tsaye a ɗakin kwana yana leƙen taga. Ya ce, “Bayan katangar nan mene ne?”

“Gareji ne,” in ji Zuma. “Masu gyaran mota, mutanen kirki. Ai gadi ma kun samu kyauta.”

Ticha ya rubuta wani abu a ƙaramin littafinsa. Ni dai na tsani mutumin da zai rubuta abu a gabanka bai gaya maka me ya rubuta ba.

Bayan kwana huɗu ya zo gidana, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma.

“Baba, na koma gidan nan da la'asar.”

“Da izinin wa?”

“Na karɓi mukulli a wajen dillali. Baba, garejin nan ba gyara kaɗai suke yi ba, suna fesa wa motoci fenti. Da safe kankare tsohon fenti suke yi, sai rana ta karya suke fesawa. Warin yana shigowa ɗakin kwana kai tsaye. Ina tsoron ƙirjin yarinyar nan.”

Na dube shi sama da ƙasa. Malamin alli zai koya min warin fenti? Na ce ya je, zan duba.

Washegari da la'asar na tafi ni kaɗai. Gaskiya na ji ƙarar injin feshinsu yana tsss, tsss, a bayan katanga. Na buɗe tagar ɗakin kwana, na tsaya, na ja numfashi har ƙirjina ya cika. Na sake ja. Na zagaya falo, na dawo, na sake ja. Iska ce kawai, jama'a. Ko ɗigon wari ban ji ba.

Na dawo gida ina huci. Na ce wa Uwargida, “Yaron nan maƙaryaci ne. Babu wani wari.”

Tana tankaɗe ba ta ɗago ba, ta ce, “Malam, kai da shekaranjiya shinkafa ta ƙone a gabanka, maƙwabta suka shigo da gudu, kana zaune kana jin rediyo?”

“Hankalina yana kan labarai.”

“To. Allah ya ƙara wa labarai daɗi.”

Da na tsaya na saurari wannan matar, da yau ba ku da abin karantawa. Amma ita ma tana son 'yarta kusa, ba ta ja maganar ba. Ni kuma tambaya ɗaya ta zauna min a wuya: in babu wari, me ya sa ya ƙirƙiro shi? Mutum ba ya ƙarya a banza. Me ke kan tudun nan da yake so?

A teburin mai shayi Zuma ya ƙara min gishiri. Yana juya cokali ya ce, “Surukinka kuwa lafiya? Sau uku ina ganinsa a tashar motar tudu cikin satin nan. Ga ado.”

“Gida yake dubawa.”

“Haka ne. Wasu gidajen sai an sa hula sabuwa ake duba su.”

Ranar Talata na ajiye aiki, na bi shi a babur daga nesa. Ya sa farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana yanka, da hular nan ruwan toka da ban taɓa gani ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan tudu. Wata mata ta buɗe, ba yarinya ba ce amma ba ta tsufa ba, da koren mayafi, tana murmushi kamar ta san shi tun haihuwa. Ya shiga, ta tura ƙofa. Na zauna a bencin wani mai shago na sayi ruwa, na ce, “Mai gidan can yana nan kuwa?”

“An yi masa canjin wurin aiki, wata biyu ke nan. Matar ce ta tsaya sayar da gidan.”

Awa ɗaya da rabi Ticha ya yi a ciki. Ɗaki biyu da falo, jama'a. Ni da nake shafa musu fenti ma, awa ɗaya da rabi na gama silin. Ranar Alhamis ya koma da azahar. Ranar Asabar ya koma da sassafe. Fentin gidan kuwa sabo fil, daga bencin nake hango shi yana ƙyalli. Na ce a raina, gida mai kwalliya, mata mai kwalliya, Allah ya kama ku.

Ranar Lahadi suka zo mana yini. Ya sa wayarsa caji a falo kusa da kujerata ya fita alwala. Sai ta yi haske. Ni ba gwanin karatu ba ne, amma wannan na haɗa baƙaƙensa tsaf:

“Gobe da la'asar zan bar maka ƙofa a buɗe, ka zauna iya yadda kake so.”

Sunan da ya sa mata, Gidan Tudu. Ko sunanta bai iya rubutawa ba don wayo.

Washegari da ya tafi makaranta na je ɗakin hayarsu. 'Yar Baba tana ninke kayan wanki a kan gado, Gimbiya ta haye wuyana tana ja min gemu tana cewa, “Tsoho, ina alewata?” Na ba ta, na tura ta waje. Sannan na zayyana wa 'yata komai: hula, koren mayafi, awa ɗaya da rabi, saƙon waya. Ban rage ba, in ma ban ƙara ba.

Ta daɗe tana ninke riga ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa. Can ta ce, “Baba, warin da ya ce fa? Ka tabbata babu?”

“Ni za ki tambaya wari? Da fenti na ciyar da ke, da fenti na aurar da ke. In akwai, ni zan fara ji kafin uban kowa.”

“Haka ne, Baba.”

Da yamma saƙonta ya shigo: “Baba na gaya masa. Ko gidan kusa da ku, ko mu mutu a haya.”

Bayan kwana biyu ya sake zuwa ya durƙusa, idonsa ya faɗa.

“Baba, zama nake yi a ɗakunan in ji iskar wurin. Safe, rana, yamma, don kowane lokaci da iskarsa. Haka na yi wa gidan kusa ma, shi ya sa na gano garejin. Ga littafin, duk na rubuta.”

“Iska ko? Iska mai koren mayafi?”

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya mayar. “Matar nan sa'ar yayata ce, Baba. In na shiga, gidan maƙwabta take tafiya.”

“Na ga fitarta?”

“Akwai ƙofar baya.”

“Ai kullum akwai ƙofar baya.”

Sai ya ce, “Na roƙi 'yarka mu je gidan kusa da la'asar ta ji da hancinta. Ta ce ba za ta taka ƙafa ta je ƙaryata mahaifinta ba. Baba, don girman Allah, ka sake zuwa ka shaƙa.”

Na ce na shaƙa, ba na shaƙa sau biyu. Ya kalli ƙasa, ya kalli ɗakin da matarsa ta girma a ciki, ya ga aurensa yana lilo. Ranar Juma'a ya sa hannu a takardun gidan kusa. Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Na ce da yana da gaskiya, da ya tsaya. Kun ga irin kan da nake da shi.

Ni na yi musu fentin gidan kyauta, fari tas, mai ruwa wanda ba ya damun ƙirji. Hannu uku na yi wa ɗakin kwana, wato sau uku na shafe shi. Watan farko ban taɓa jin daɗin duniya irinsa ba. Kullum da safe kafin in fita, Gimbiya za ta shigo da ɗan takalminta mai ƙara, ta haye wuyana, in zagaya da ita tsakar gida tana cewa, “Dokina, yi sauri!” Uwargida tana aika musu miya da zafinta. Ina wuce Ticha a layi in ɗaga masa hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

A wata na biyu Gimbiya ta fara tari. Na shiga gidan wata rana na tarar tagogi duk a rufe cikin zafin nan, an cusa tsummoki a ƙasan tagar ɗakin kwana, an manne gefenta da salatif.

“Wannan fa?”

“Sauro ne, Baba,” in ji 'Yar Baba, tana kallon wani wuri.

Sauro da rana tsaka. Ni da nake zargin kowa a duniya, wannan ƙaryar ita kaɗai na haɗiye ba ruwa, don ita ce ta yi min daɗi.

Sai garejin suka samu aikin fesa wa wasu manyan motocin haya fenti ruwan ɗorawa, guda goma sha biyu, sati biyu ba hutu. Ranar Laraba da la'asar ina kan tsani a gidan wani mai kanti, waya ta yi ƙara.

“Baba, Gimbiya ba ta numfashi! Leɓenta ya yi baƙi!”

Ban san yadda na sauko ba. Na tsaya dai na cire rigar aiki na sa ta fita, na wanke hannu, na ruga asibiti. Na same ta a kan gado an rufe mata fuska da abin iska, ƙirjin yana shiga yana fita kamar na ɗan tsako. Ticha yana riƙe da ƙafarta. Na matsa zan taɓa ta, sai nas ta tare ni da hannu.

“Baba, fita waje don Allah. Warin tina ke tashi a jikinka, ɗakin duk ya ɗauka.”

Tina shi ne ruwan da muke sirka fenti da shi. Na ce, “'Yata, ai na canja riga.”

“Baba, ba ka ji ba ne?”

Na waiga. Matar gadon kusa ta toshe hanci da mayafi. Wani dattijo ya juya fuska bango. Uwargida ta sunkuyar da kai. Duk ɗakin suna jin abu, ni kaɗai nake tsaye a cikinsa kamar gunki.

Aka aike ni gidan in ɗebo wa yarinya kaya, ina jin don a raba ni da wurin ne. Na shiga ɗakin kwana, injin yana ta tsss a bayan katanga. Na yaye labule. Ragar tagar da na sa da hannuna ta toshe, ta koma ruwan ɗorawa. Na goga yatsa a dakalin taga, ya fito da gari mai laushi, ɗorawa a sama, ja da shuɗi a ƙasa, launin duk motar da aka fesa tun da suka tare. Na juya na kalli bangon da ke fuskantar taga, farin da na yi wa hannu uku. Wani ba zai gani ba, amma ni na gani: ya daina zama fari. A ƙasan bangon nan katifar Gimbiya take.

Na buɗe jakar aikina, na ciro gwangwanin tina, na cire murfi, na kafa hancina a baki na ja. Idona ya kawo ruwa. Maƙogwarona ya yi ɗaci. Wari kuwa babu. Ban san shekarar da hancin nan ya mutu ba, ya mutu bai yi min sallama ba, ni kuma na ɗauki gawarsa na je na auna wa jikata ɗakin kwana da ita.

A hanya na ci karo da Zuma. Na shaƙe masa wuyan riga na ce, “Shi ya sa kullum da hantsi kake kai mutane?”

Ya zame hannuna a hankali. “Oga, ni hantsi na kai ku. Da la'asar kai ka kai kanka. Kai ne gwani, ka ce babu.”

Na juya na kama hanyar asibiti.

A barandar asibiti 'Yar Baba ta karɓi kayan, ba ta kalle ni ba. Ta ce, “Tun la'asar ta farko na ji shi, Baba. In na faɗa, na ƙaryata ka, kuma ya tabbata na zalunci mijina a kan matar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Sai na toshe taga. Shi ma bai taɓa ce min ‘ai na faɗa miki’ ba. Ya je wajen mai garejin sau biyar, suka ce sun riga mu zuwa.”

Ticha ya fito. Na tsaya na shirya, na ce yau zan ga inda yake kai fushinsa. Da ya zage ni, da ya kama rigata, da na ji sauƙi. Sai ya dube ni ta cikin gilashin nan ya ce, “Baba, ka ci abinci kuwa?”

Kwana tara Gimbiya ta yi a asibiti. Likita ya ce ba za ta sake kwana a gidan nan ba ko na dare ɗaya, ya kuma ce ƙirjin ba zai koma yadda yake da ba, ƙaramin wari ma yanzu zai iya tayar da shi. Gidan tudu an riga an sayar wa wani. Na kusa kuwa labari ya zaga, babu mai so sai mai garejin, ya saye shi a wulaƙance ya mai da shi ma'ajiyar gwangwanaye. Ticha ya nemi canjin makaranta zuwa wani ƙaramin gari mai iska, tafiyar awa biyar. Na ƙi mota biyu, yanzu ga awa biyar. Sun koma haya, ɗaki biyu.

Watan jiya na je. Na yi kwana uku ban taɓa fenti ba. Na yi wanka sau uku da sabulu, na kankare farce da reza, na sayi riga da wando sababbi a leda, ban buɗe ba sai a tasha. Na sa alewa a aljihu.

Gimbiya tana wasa a ƙofa, abin shaƙarta yana rataye a wuyanta da zare kamar laya. Ta hango ni ta yi ihu, “Dokina!” Ta taho da gudu, hannu a buɗe. Saura taku uku ta tsaya cak. Ta yamutsa fuska, ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, ta juya ta ɓuya a bayan ubanta.

“Abba, Tsoho yana warin wancan gidan.”

Shekara talatin da ɗaya ba ta fita da wanka uku.

Ticha ya shiga ya ɗauko kujera, ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama ya ji inda iska ke kaɗawa, ya auna taku goma da ƙafarsa daga inda take wasa, ya ajiye min. Nan na zauna yini guda. Alewar ma shi na miƙa wa, ya wanke ledar, ya kai mata.

Shekararta huɗu da wata biyu. Ba ta zaɓi gida ba, ba ta bi kowa a babur ba, ba ta leƙa wayar kowa ba. Ita ce ke yawo da zare a wuya, kuma wuyana ba ta sake hawa ba.